Littafin turka: bijimai biyu da dusar masara, Maradi, 2024 zuwa 2025

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yau na kammala rumfar da zan turke shanun a bayan gida, a nan unguwar Zariya, kuma na fara wannan rubutu domin kada lissafi ya ɓace mini kamar yadda ya ɓace a kiwon raguna na bara. Abin da ya kai ni ga wannan aiki shi ne injin surfe da ke layinmu. Mu mutanen Maradi hatsi muka fi ci, amma a 'yan shekarun nan masara ta shiga gidaje sosai, wasu daga gulbi da gonakin rani na Jiratawa, mafi yawa kuma daga ƙetaren iyaka, don haka dusarta take taruwa a wurin mai injin fiye da yadda mata masu awaki ke iya kwashewa. Ina so in gani da idona ko za a iya ƙosar da bijimi da abin da ya rage bayan an sarrafa masara, wato dusa, kara, totuwa da dusar kamu, ba tare da an dogara ga dusar alkama ta buhu ba.

Na yi magana da dattijon da ke da injin. Ya ce, "Malam, in dai za ka riƙa ɗauka duk mako ba fashi, zan bar maka buhu a jika biyar," wato sefa 5,000. Na ce, "Baba, na amince, Allah ya sa albarka." Rumfa da rabin ganga biyu na zuba abinci da igiyoyi sun ci sefa 18,000.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Na sayo bijimai biyu. Na farko ja ne, jinin Azawak, ya yi haƙora huɗu, a jika 205. Na biyu baƙi ne mai dogon ƙaho, da alama yana da jinin Bororo, haƙoransa biyu, a jika 170. La'adar dillali jika 4. Dukansu ramammu ne, ana ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, amma ƙashinsu mai faɗi ne kuma idonsu garau, abin da na fi nema ke nan. Daga yau zan riƙa kiransu Ja da Baƙi a cikin wannan littafi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Likitan dabbobi ya zo, ya ba su maganin tsutsar ciki, ya yi musu allurar kaska, ya kuma duba ƙafafu da baki saboda boru. Tun da ba ni da sikelin da zai ɗauki sa, ya koya mini aunawa da tef ɗin tela: a zagaya ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba da bayan tozo, a mayar da abin da aka samu mita, a ninka shi da kansa sau uku, sannan a ninka da 80. Ja ya ba da santimita 146, wato wajen kilo 249. Baƙi ya ba da 141, wajen kilo 224. Ƙiyasi ne kawai, amma idan na riƙa aunawa a wuri ɗaya da safe kafin su sha ruwa, bambancin da ke tsakanin awo da awo zai nuna mini gaskiya.

Ya kuma ba ni ma'aunin da zan gina komai a kansa: sa mai kilo 250 yana cin busasshen abinci wajen kilo 6 da kwata a rana. Cikin wannan, dusa ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku ko ɗan sama da haka ba, kuma sai an kai can a hankali cikin mako biyu zuwa uku.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Rabin kilo na dusa ga kowanne, da yankakken karan masara da ɗan harawa. Suna shan ƙasari daga gidajen maƙwabta biyu. Kashinsu daidai.

Talata, 19 ga Nuwamba

Asara ta farko, kuma ganganci ne daga wajena. Ranar Alhamis na ɗauko buhu biyu daga injin, na jingine su a ɗakin ajiya bakinsu a ɗaure, domin akwai sauran na farko. Yau da na tura hannu cikin ɗaya na ji shi da zafi kamar an sauke daga murhu, ya dunƙule, yana warin tsami, kuma a tsakiyarsa fumfuna ta fito, wani wurin fari, wani wurin kore mai ɗan rawaya. Na biyun ma haka. Dalilin a fili yake, sai dai ban yi tunaninsa ba tun farko: kafin a surfa masara ana yayyafa mata ruwa domin ɓawon ya saki, saboda haka dusar da ke fita daga injin ɗanya ce ko da ta yi kama da busasshiya a ido. Dusar masara kuma tana ɗauke da ƙwayar tsiron da ke da mai, wanda ke sa ta saurin lalacewa fiye da ta hatsi.

Ƙanena ya ce a shanya ta a rana a ba su, tun da mutane da yawa haka suke yi kuma shanu ba sa ƙi. Na ƙi amincewa. Koriyar fumfunar nan ta masara da gyaɗa tana iya haifar da gubar da ake kira aflatoksin, wadda ke lalata hanta, ta hana dabba ƙiba, a saniyar tatsa kuma ta bi nono ta isa ga yara. Rana tana busar da fumfunar, amma ba ta kashe gubar, ko dafawa ma ba ta kawar da ita. Bana kuma abin ya fi ban tsoro, domin damina ta yi nauyi ƙwarai, kowa a garin nan yana tuna ambaliyar ƙarshen watan Agusta, kuma hatsi da yawa ya shiga rumbu bai gama bushewa ba. Na zuba buhunan biyu a ramin taki na rufe da ƙasa domin awaki kada su tona. Jika 10 sun tafi.

Na koma wurin Baba na gaya masa, ba don in ɗora masa laifi ba, domin bai ɓoye mini komai ba. Mun daidaita cewa zan riƙa ɗauka ranar da aka surfa, in shanya a ranar.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na aro sikelin mai sayar da wake domin in san abin da nake saye. Buhun da na ɗauko ranar Alhamis ya auna kilo 50 a ɗanye. Na baza shi a tamfal a saman ɗaki, kaurin yatsu uku, ina motsawa sau uku a rana. Bayan kwana biyu na iskar hunturu ya koma kilo 38. Wato kilo 12 na abin da na biya ruwa ne, kuma ainihin kuɗin kilo ɗaya na busasshiyar dusa ya kai wajen sefa 130, maimakon 100 da nake lissafawa. Har yanzu tana da sauƙi, amma duk wanda zai kwatanta ta da dusar alkama, wadda ake sayarwa a bushe, dole ya yi wannan ragi. Tiya ɗaya ta busasshiya ta ba ni kilo 1 da giram 200, don haka daga yanzu da tiya zan riƙa aunawa.

Kowanne ya kai kilo ɗaya da rabi a rana, rabi da safe, rabi da yamma, kuma kullum bayan sun fara cin kara.

Lahadi, 1 ga Disamba

Yinin yau duka ya tafi a kan kara. Karan masara da aka bari ya bushe a gona yana cika ciki ne kawai, sinadarin gina jiki da ke cikinsa bai fi kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari ba, ga shi shanun suna tsince ganye su bar sandar. Hanyar gyara shi da takin yuriya daɗaɗɗiya ce, ma'aikatan kiwo sun sha koyar da ita a ƙauyukanmu, sai dai mutane kaɗan ne suka riƙe ta, ina jin saboda wahalar yanka da tsoron takin.

Mun haƙa rami mai tsawon mita biyu, faɗin mita ɗaya da zurfin mita ɗaya, muka shimfiɗa leda mai kauri. Ma'aunin shi ne kilo 5 na yuriya a narke cikin lita 50 na ruwa ga kowane kilo 100 na busasshen kara. Mun yanka kilo 200 da adda, gunduwa gunduwa kamar tsawon yatsa, muna zuba ƙaramin hawa, mu yayyafa ruwan da abin ban ruwan lambu, yara su tattake, sannan mu ƙara wani. A ƙarshe muka naɗe ledar muka bi bakinta da ƙasa. Abin da ke faruwa a ciki shi ne takin yana rikiɗa ya zama iska mai yaji da ake kira amoniya, ita ce ke sassauta ƙarfin karan har tumbi ya iya narkar da shi, ta kuma kusan ninka sinadarin gina jikin da ke cikinsa. Idan iskar ta sami hanyar fita, aikin ya ɓaci. Zan buɗe bayan kwana 21, tun da sanyi yana rage saurin abin.

Na ɗaure ragowar takin na kai ɗaki na kulle. Yuriya tsurarta, ko ruwan da aka narka ta a ciki, tana kashe sa cikin ɗan lokaci, kuma na gargaɗi kowa a gidan. Yuriya jika 5, leda jika 4.

Litinin, 9 ga Disamba

Awo na biyu: Ja 149, Baƙi 143. Gashinsu ya fara sheƙi. Na fara ƙara rabin kilo na ƙulin angurya ga kowanne, domin dusar masara ƙarfi take bayarwa, sinadarin gina jikinta kuwa bai wuce kashi 10 zuwa 12 ba, bai isa sa mai girma ba. Dusa ta kai kilo biyu.

Alhamis, 19 ga Disamba

Jiya hutun ranar Jamhuriya ne, na yi amfani da shi na tafi Tibiri ta'aziyya, na kwana can. Na bar wa ɗan yayana umarni cewa tiya ɗaya da safe, tiya ɗaya da yamma ga kowanne. Yaron ya ga kara ya ƙare a gabansu, yankan wani kuma aiki ne, sai ya cika rabin gangar da dusa ya tafi kallon ƙwallo. Ja ya ci rabonsa ya koma gefe, Baƙi kuwa, wanda dama ya fi haɗama, ya share nasa ya miƙa wuya ya kai ga ragowar na Ja. A ƙiyasina ya ci abin da ya haura kilo shida a zama ɗaya kuma cikinsa babu ciyawa.

Da na iso da hantsi na tarar da shi tsaye kansa a ƙasa, ba ya tuƙa, gefen cikinsa na hagu ya ɗan kumbura, idan an taɓa sai a ji ruwa na motsi, kuma yana zawo mai kumfa mai warin tsami. Na kira likita nan take. Ya bayyana cewa garin masarar da ke cikin dusa, musamman irin ta injin nan mai tsaki da yawa, idan ya yi yawa a tumbi yana tsami da sauri, tsamin ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, ya kuma janyo ruwan jiki zuwa cikin tumbi. Ya ɗura masa bikabonat a ruwa, ya yi masa allurai, ya ce a ɗauke dusa da angurya gaba ɗaya, a ba shi busasshiyar ciyawa da harawa kawai, ruwa kuma kaɗan kaɗan a yinin farko. Ya ce in lura da kofatonsa a kwanaki masu zuwa, domin wannan ciwo yana iya sauka a ƙafa ya bar sa da ɗingishi.

Yaron ya zo yana kuka ya ce, "Baba, wallahi na ɗauka gata na yi musu." Ban yi masa faɗa mai yawa ba, domin ni ne ban yanka karan da zai ishe su ba kafin in tafi, kuma ban taɓa gaya masa dalilin awon ba. Na zaunar da shi na bayyana masa. Na kuma nisanta turakun biyu yadda ɗaya ba zai kai ga abincin ɗaya ba. Kuɗin magani da zuwan likita sau biyu jika 9.

Lahadi, 22 ga Disamba

Baƙi ya fara tuƙa jiya da dare, kuma ban taɓa jin daɗin ganin sa yana tauna ba kamar wannan karon. Ya rame sosai a kwana uku.

Na buɗe ramin kara daga kusurwa ɗaya. Warin ya bugi hanci har ido ya kawo ruwa, karan ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya yi laushi yana murɗuwa a hannu. A gefen gabas gara ta huda leda, kara wajen cikin kwando biyu ya yi fumfuna, na fitar da shi. Sauran lafiya. Ana ɗebo na gobe tun yau a baza a inuwa domin warin ya fita, a kuma mayar da ledar a danne. Ja ya shinshina ya ja da baya, sai da na gauraya da wanda ba a gyara ba na barbaɗa dusa a kai ya fara ci. Baƙi ba zai taɓa shi ba sai cikinsa ya koma daidai. Jakin maƙwabcina da ƙananan 'yan awaki kuma ba za su kusance shi ba ko kaɗan, domin wannan abinci na mai cikakken tumbi ne.

Asabar, 28 ga Disamba

Ja yana cin kilo uku na gyararren kara, kuma abin da yake bari a ganga bai kai cikin tafi biyu ba, alhali a da yana barin kusan kashi ɗaya cikin uku. Baƙi ya koma kan dusa da rabin kilo. Babu ɗingishi, alhamdu lillahi.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Jiya muka cika ramin karo na biyu, na bi ƙasansa da toka saboda gara. Yau na gwada totuwa. Wani abokina mai gona a gulbi ya ba ni buhu uku kyauta bayan sun gama ɓarzar masara. Baba ya ƙi sa ta a injinsa, ya ce za ta cinye masa haƙoran injin, kuma ina ganin yana da gaskiya. Wani mai injin ɓarza a bakin kasuwa ya karɓi buhu ɗaya a sefa 1,500. Ta fito da kaifi kamar tsakuwa, na jiƙa ta da ƙasari ta kwana, na gauraya da dusa. Sun ci, amma suna tsincewa. Hukuncina a kanta shi ne totuwa ba ta fi kara ba, wataƙila ma ba ta kai shi ba, kuma amfaninta ɗaya shi ne ta rage saurin haɗiyar dusa. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da damin kara ke tsada, za ta iya biyan kuɗin ɓarzarta. A yanzu kuwa na mayar da sauran buhu biyun madafa.

Litinin, 13 ga Janairu

Ja 153, Baƙi 144.

Kwana biyu ke nan ina ganin Ja yana daɗewa kafin fitsari ya fito, kuma akwai farin abu kamar gishiri da ya maƙale a gashin da ke bakin al'aurarsa. Likita ya ce alamar gargaɗi ce ta tsakuwar fitsari. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kuwa kaɗan ƙwarai, angurya ma haka, alhali jikin sa yana son kalsiyam ya ninka fosfaras kusan sau biyu. Ga sanyi ya sa ba sa shan ruwa sosai. Namiji kuma hanyar fitsarinsa doguwa ce mai lanƙwasa, tsakuwa tana toshe ta cikin sauƙi, abin da masu turkar ragon layya suka sani sarai.

Gyaran da muka yi: harawar wake ta tashi daga rabin kilo zuwa kilo ɗaya da rabi, tun da ita mai kalsiyam ce, na samo garin dutsen da ake sa wa kajin ƙwai ina barbaɗa cokali biyu a dusar kowanne, na ƙara gishiri domin ƙishirwa ta kai su ga ruwa, ruwan safe kuma ana barinsa a rana ya ɗan yi ɗumi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shawararsa a kan kanwa. Mun taso muna ganin iyayenmu suna ba shanu kanwa a matsayin maganin kusan komai, kuma ba na musun amfaninta ga dabbar da ke yawo a daji. Amma ga wanda ke turke yana cin dusa kullum, yawanta yana sa fitsari ya koma irin yanayin da tsakuwar ke son taruwa. Na rage ta zuwa sau ɗaya a mako.

Juma'a, 24 ga Janairu

Fitsarin Ja ya koma daidai. Buhun dusa ya tashi zuwa jika 6, domin ciyawa ta fara ƙarewa kuma masu nema sun ƙaru. Wata baiwar Allah mai sayar da koko a layin baya ta fara ba ni dusar kamu, wato abin da ke saura a matata bayan an tace gasara, bokiti ɗaya a rana a sefa 100. Ruwa ne mafi yawanta kuma an riga an tatse garin, saboda haka ba ta da ƙarfin dusar surfe, amma shanun suna sonta, kuma tana sa su cinye kara idan an cuɗa. Ba ta kwana: abin da ba a ci ba kafin magariba ramin taki yake tafiya.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Kwana 94 da turkewa. Ja ya kai santimita 156, wajen kilo 304, ƙarin kilo 55. Baƙi ya kai 148, wajen kilo 259, ƙarin kilo 35. Tazarar kilo 20 da ke tsakaninsu, a ganina, mafi yawanta daren 18 ga Disamba ne ya haifar da ita, domin kusan mako uku ya ɗauka kafin ya koma cin da yake yi.

Na zauna na haɗa kuɗin da aka kashe. Dusa buhu 11, har da biyun da suka lalace, sefa 58,000. Kara amalanke huɗu 12,000, harawa 22,500, ƙulin angurya buhu biyu 22,000, yuriya da leda 14,000, likita da magani 14,500, gishiri da kanwa da garin dutse 3,000, ruwa da dusar kamu 9,400, ɓarzar totuwa 1,500. Jimilla 156,900, wato kowane kilo na nauyin da suka ƙara ya ci mini wajen sefa 1,740, adadin da ya wuce abin da na zata da nisa. Idan aka haɗa da rumfa da kuɗin sayen shanun da la'ada, na zuba 553,900.

Dillali ya zo ranar Juma'a ya taya Ja jika 330, Baƙi jika 235. Wato in na sayar yau, jika 11 ne ribar wata uku, ban da wahalata da ta yara, sai taki da ya kai amalanke shida wanda zan kai gona. Na ce albarka. Abin da lissafin ya nuna mini shi ne dusar masara a karan kanta mai araha ce, amma abubuwan da dole a raka ta da su, harawa da angurya, sun kusa kama kuɗinta, kuma jika 19 sun salwanta a kurakurai biyu da za a iya kauce musu.

Shirin mataki na gaba: Ja zai ci gaba da kilo biyu da rabi na dusa har ƙarshen azumi, wanda ake sa ran farawa a farkon Maris, in fitar da shi gab da ƙaramar salla lokacin da mahauta ke neman sa mai nama. Baƙi, wanda ya fi ƙuruciya kuma har yanzu yana tsawo, zan riƙe shi har layya a watan Yuni idan kara ya samu. Domin haka a makon nan zan sayi amalanke uku kafin farashi ya ƙara hawa, in cika ramin karo na uku ranar Lahadi, in kuma shanya buhu shida na dusa in ajiye a kan katako yanzu da iska take a bushe. Zan kuma tambayi matan da ke matse man gyaɗa a unguwa nawa za su bar mini tunkuza, in kwatanta da angurya a awo na 24 ga Fabrairu.